Yadda Ake Zaɓen Fentin Ƙasan Jirgin Ruwa da Yadda Ake Shafa Shi

A Yawuri na tashi, kuma duk zaman da na yi a bakin Kwara ban taɓa jin an ce ƙasan jirgi yana da nasa fenti na dabam ba. Abin da muka sani shi ne a cusa auduga a tsaga, a bi da kwalta, in gansakuka ta yi yawa a kife jirgin a rana, a kankare, a mayar. Sai da neman abinci ya kai ni Legas na ga aikin ruwan gishiri. Jirgin farko da aka ja tudu a gabana na faiba ne, wato zaren gilashi da aka daskarar da gam, mai ɗaukar fasinja, wata huɗu ke nan yana kwana a ruwa. Mai shi ya kai injinsa wurin makanike har sau biyu, wai yana shan mai kamar rariya kuma ba ya gudu. Da muka durƙusa muka leƙa, sai ga ƙasan jirgin kamar bangon da aka yi wa yaɓen tsakuwa: 'yan ƙananan ƙumba farare sun manne tun daga goshi har farfela, in ka shafa da tafin hannu sai sun tsaga ka. Injin kuwa lafiyarsa ƙalau.

Fentin da ke hana wannan shi ake kira antifaulin. Dafi ne a cikinsa, galibi na tagulla, wanda yake tsattsafowa kaɗan-kaɗan cikin ruwa yana hana ƙumba da ciyawa samun wurin zama. Yana da tsada, kuma iri-iri ne. Na ga mutane da yawa sun sayi mai kyau amma wanda bai dace da jirginsu ba. Ba mai shago ne zai zaɓar maka ba. Ruwan da jirgin yake kwana, da abin da aka ƙera shi da shi, da irin gudunsa, su ke zaɓa.

Kayan aiki

Makankara mai faɗi, wadda ka ɗan goge kusurwoyinta da zarto don kada ta karce jikin jirgi.
Samfefa ta ruwa mai lamba 80, da soso mai kaushi.
Bokiti biyu da ruwan daɗi mai yawa. In akwai injin feshin ruwa irin na masu wankin mota, ya rage maka wahalar yini guda.
Rola mai gajeren gashi wadda tina, wato ruwan tsinka fenti, ba ta narkarwa, da farantinta, da buroshi biyu, babba da ƙarami.
Salatif ɗin masu fenti don fitar da layi.
Sanda mai faɗi don juya fenti.
Fentin shimfiɗa, wato firama, wanda ya dace da jikin jirginka, da tinar da kamfanin fentin ya ambata.
Tamfol ko babbar leda ta shimfiɗawa ƙarƙashin jirgi.
Safar hannu ta roba, tabarau, takunkumi mai matatar sinadari, da tsofaffin tufafi masu dogon hannu. Wannan fenti in ya bushe a fata ba ya fita da sauƙi, ga shi ruwan alwala ba ya ratsa shi, don haka safar hannu ba ado ba ce.
Tef ɗin awo, da littafi da biro.

Fentin kansa kada ka saya tukuna, sai ka wuce mataki na 4.

Mataki na 1: Gano ruwan da jirgin yake kwana

Na ce kwana, domin ƙumba ba ta kama jirgi yana tafe. A tsaye take samunsa. Jirgin da ake ja tudu kowace yamma, kamar yawancin kwale-kwalen masunta, ba ya buƙatar antifaulin ko da a teku yake aiki. Rana da iska sun isa su kashe duk abin da ya manne da rana. Ajiye kuɗinka.

In jirgin a ruwan daɗi yake kwana, kamar tafkin Kainji, ko Kwara, ko Binuwai, ko tafkin Chadi, abin da zai dame ka santsi ne da gansakuka. Tsintsiyar kwakwa da soso duk mako biyu sun gama da su. Ni ban cika ba mutum shawarar zuba fentin tagulla a irin wannan ruwa ba, balle a madatsa irin Tiga da jama'a ke sha kuma ake kamun kifi, domin tagulla guba ce ga kifi da ƙananan halittun da kifi yake ci. Sai fa babban jirgin ƙarfe da ba a iya fitarwa sai shekara-shekara; shi a nema masa wanda aka rubuta na ruwan daɗi ne, dafinsa kaɗan ne.

Ruwan gishiri mai ɗumi, irin na bakin tekunmu daga Badagiri zuwa Fatakwal da Kalaba, da Duwala, da Bahar Maliya wajen Port Sudan, nan ne gidan ƙumba. A ƙasashen sanyi tana hutawa da hunturu, a nan kuwa babu ranar hutu. Shi ya sa in gwangwani ya ce shekara biyu, ni nakan sa ran shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Tafkin Legas kuwa shi ne mai ruɗa baƙo. Da damina koguna suna kwararo masa ruwan daɗi, gishirinsa ya yi ƙasa, kainuwa ta rufe hanya, ƙumba ta yi sauƙi. Da rani teku ta turo, gishiri ya hau, musamman wajen Apapa da bakin mashiga. Wanda ya zo a watan Yuli ya ga ƙasan jirage fes, sai ya ce ai babu matsala. Ya dawo a Fabrairu ya gani. Ka yi lissafinka da rani. Hanya mafi sauƙi ta sanin halin wuri ita ce ka duba ginshiƙan gadar da kake ɗaure jirgi lokacin da ruwa ya janye. Abin da ka gani a jikinsu, shi zai hau jirginka.

Mataki na 2: Da me aka ƙera jirgin?

Nan ne kuskure yake cin jirgi ɗungurungum, don haka zan ɗan daɗe.

Alminiyam. Kada fentin da ke da garin tagulla na yau da kullum, wanda ake rubuta Cu2O a takardarsa, ya taɓa jirgin alminiyam. Ƙarfe biyu mabambanta in suka haɗu a ruwan gishiri batir suke zama, ɗaya yana cin ɗaya, kuma tsakanin tagulla da alminiyam, alminiyam ne abinci. Ba sabon darasi ba ne. A 1761 sojan ruwan Ingila suka lulluɓe ƙasan jirginsu mai suna Alarm da fallayen tagulla, tsutsa ta bar katakon, amma daga baya aka tarar ƙusoshin baƙin ƙarfe da ke taɓa tagullar sun zagwanye. Ni ma sai da na biya kuɗin makaranta. Ina sabon shiga aka ba ni wani ƙaramin jirgin alminiyam in shafa, na ga ragowar jan fenti daga aikin jiya, na ce a bar shi ya bushe a gwangwani ai asara ce. Bayan 'yan watanni jirgin ya dawo yana yoyo. Maigidana ya kankare wuri ɗaya da wuƙa, sai ga farin gari kamar toka, ƙarƙashinsa ramuka ƙanana-ƙanana kamar zanzana. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Yaro, wa ya aike ka?" Na ce, "Baba, na ga fenti ne ya rage." Ya ce, "To ga shi ya rage jirgin." Albashin wata biyu ya tafi a walda. Ga alminiyam sai fentin da aka rubuta ƙarara cewa ya dace da shi, kamar Trilux 33 na kamfanin International, ko waɗanda babu tagulla a cikinsu sam. Wannan doka ta hau kan ƙafar injin ɗaurawa ma, domin ita ma alminiyam ce.

Baƙin ƙarfe. Yana karɓar fentin tagulla, amma sai an raba su da shafin firama mai kauri, uku ko fiye, na ifoksi, wato irin wanda ake haɗa ruwa biyu ya ƙame ƙam. In tagulla ta sami ƙarfe tsirara, tsatsa za ta yi gudu fiye da da.

Faiba. Ita ce marar rigima, kowane iri tana ɗauka. Matsalarta guda: sabuwar faiba tana fitowa daga maƙera da kakin da aka shafa wa mazubi, kuma fenti ba ya kama kaki. Zan zo kan wannan.

Katako. A ruwan gishiri babban abokin gabarsa ba ƙumba ba ce, tsutsar katako ce, wadda ni nake kira garar ruwa. A haƙiƙa dangin dodon koɗi ce mai dogon jiki. Tana shiga tana ƙarama ta ƙofar da ba ta fi bakin allura ba, ta girma a ciki, tana bin tsawon katako tana rarake shi. Daga waje katako sumul, ciki kuwa saƙar zuma. Don haka a jirgin katako, aikin fenti shi ne rufe ko'ina ruf. Wuri ɗaya mai faɗin kwabo da ya goge ya ishe ta ƙofa. Katako kuma yana kumbura yana motsi, saboda haka fenti mai taushi ya fi zama da shi lafiya fiye da mai tauri. In ƙusoshinka na ƙarfe ne, a nutsa kawunansu, a cike, a rufe da firama kafin tagulla ta hau.

Mataki na 3: Zaɓi iri gwargwadon gudu da zama

Iri biyu ne za ka fi samu a kasuwa.

Akwai mai zaizayewa. Shi kamar sabulu yake: ruwa yana wanke samansa a hankali, sabon dafi yana fitowa. Muddin akwai fenti a jiki, yana aiki, kuma ba ya taruwa ya yi kauri shekara bayan shekara. Yawancinsa ko an fitar da jirgi tudu an mayar ba ya mutuwa. Ya dace da jirgin kaya, da na kamun kifi, da na fasinja mai matsakaicin gudu. Aibinsa shi ne gudu mai yawa da yashi suna cinye shi da wuri. A cikin danginsa akwai mai arha, mai taushi ƙwarai, wanda ake haɗawa da ƙaro. Wannan ya ishi jirgin katako mai tafiyar hawainiya na 'yan watanni. Akwai kuma mai tsada irin na manyan jiragen teku, wanda zaizayarsa a daidaice take, kamar SeaQuantum na Jotun.

Akwai mai tauri. Shi ba ya zaizayewa; dafin ne yake fita ya bar ɓawon fentin. Yana jure gudu, yana jure goga da soso, yana jure ɗan gurzar yashi. Jirgin da yake wuce kilomita 45 a awa, irin masu manyan injina da ke jigila tsakanin Ikorodu da tsibirin Legas, shi ya kamace su. Amma ka san abu biyu. Na ɗaya, in ya daɗe a tudu iska tana kashe dafinsa. Na biyu, idonka zai ga fenti lafiya lau alhali dafin ya ƙare tuni, kuma kowace shekara kana ƙara shafi kan shafi har ranar da zai fara ɓarewa falle-falle, dole a kankare duka.

Sauran hanyoyi akwai su, amma zan wuce su da sauri. Akwai na silikon marar dafi, mai santsin da abu ba ya kama shi da ƙarfi. Yana son jirgi mai gudu kullum, kuma karce ɗaya a jikin gada ya ɓata shi. Akwai ifoksi da ake cakuɗawa da garin tagulla, irin Coppercoat, wanda masu shi suke cewa yana kai shekara goma. Sai an kankare jirgi tas kafin a sa, kuma kuɗin farko ba na kowa ba ne. Akwai na'urar da ke aika rawar sauti a jikin jirgi. Tana son wuta dare da rana, ba ta aiki a katako.

Abin da zan hana ka ɗaya ne: duk gwangwanin da ka ga TBT a jikinsa, ko mai sayarwa ya raɗa maka cewa "tsohon haɗi ne mai ƙarfi, daga jirgin teku aka sauko da shi", ka bar masa kayansa. Sinadarin kuza ne da ya yi wa halittun ruwa mummunar ɓarna. Hukumar kula da sufurin teku ta duniya, IMO, ta amince da yarjejeniyar hana shi a 2001, ta fara aiki a Satumba 2008. An ƙara haramta wani mai suna sibutirin daga Janairu 2023.

Mataki na 4: Gano abin da ke jikin jirgin yanzu

Sabon fenti a kan tsoho yake zama, kuma ba kowane biyu ke shiri ba. Jiƙa soso ka goga tsohon. In launi ya biyo soso sosai, mai zaizayewa ne. In bai biyo ba sai kaɗan, mai tauri ne. Ƙa'idar a taƙaice: mai taushi yana hawa kan mai tauri, mai tauri ba ya hawa kan mai taushi, domin ƙasan zai zame ya tafi da na sama.

In ba ka san ko mene ne ba, kuma yana manne da kyau, ka goge shi da samfefa ka raba su da shafi ɗaya na firamar tsakani, kamar Primocon na International ko Vinyguard na Jotun. In babu, gwada: shafa sabon fentin a wuri mai faɗin tafin hannu, ka bar shi kwana ɗaya. In ya yamutse, ko ya tsage, ko farce ya ɗaga shi, tsohon sai ya fita gaba ɗaya.

Jirgin da aka taɓa yi wa kwalta sai an yi haƙuri da shi. Tinar fenti tana narkar da kwalta, baƙi ya huda ya fito, fentin ya tsattsage. A kankare iya iyawa, a rufe da firama mai garin alminiyam shafi biyu, a yi gwajin tafin hannu kafin a ci gaba.

Mataki na 5: Lissafi da saye

Auna tsawon jirgi a daidai layin ruwa, da faɗinsa, da zurfin da yake nutsewa in an yi masa lodi. Haɗa faɗi da zurfi, ka ninka da tsawo. Misali jirgi mai tsawon mita 7, faɗi mita 1.8, nutso mita 0.4: 1.8 da 0.4 sun zama 2.2, sau 7 ya ba ka murabba'in mita 15.4. Shafi biyu kusan 31 ke nan. Ƙara wajen 5 saboda shafi na uku a wuraren da suka fi goguwa, ya zama 36. Lita ɗaya ta irin wannan fenti takan rufe murabba'in mita 8 zuwa 10, wato kana neman wajen lita 3 da rabi zuwa 4 da rabi. Sayi lita 5.

A shago kuma ka buɗe ido. Jabun da aka fi yi shi ne a ba ka jan firamar ƙarfe, red-oksaid, a ce antifaulin ne, tunda launinsu kusan ɗaya. Wancan na hana tsatsa ne, ƙumba kuwa har gida take ginawa a kansa. Ɗaga gwangwanin. Fentin tagulla nauyi gare shi, lita ɗaya takan haura kilo ɗaya da rabi, lita 5 sai ka ji ta a kafaɗa. In ka ji shi sakayau kamar fentin ƙofa, ajiye. Duba hatimin murfi, duba ranar da aka yi shi, domin yana tsufa a gwangwani. Ka nemi takardar bayanin fentin. In mai shago ba shi da ita, rubuta sunan a waya, kamfanonin suna sa ta a intanet. Lokutan bushewa duk a cikinta suke. Wanda ake aunawa a galan daga buɗaɗɗen duro, ban ce duka jabu ba ne, amma ba ka san tinar da aka ƙara ba, kuma tagullar tana kwance a gindin duron in ba a juya ba.

In da hali, sayi launi biyu: shafin farko ja, na biyu baƙi ko shuɗi. Ranar da ja ya fara leƙowa ka san lokaci ya yi.

Mataki na 6: Fitarwa, wanki da kankara

Ja jirgin tudu inda cikar ruwa ba ta kaiwa, ka ɗora shi kan gungume ko tayoyi, tamfol a ƙasa. Wanke shi nan take tun yana jiƙe. Ƙumbar da za ta fita da turi ɗaya yau, in ta kwana biyu a rana sai da guduma. Bayan ka kankare za ka ga fararen zobba inda gindinta ya zauna. Su ma sai sun fita, fenti ba ya zama a kansu.

Sa'an nan samfefa, a jiƙe kullum. Kada ka goge antifaulin a bushe, kada ka sa masa injin gurza, kada ka ƙona shi da wuta. Ƙurarsa da hayaƙinsa guba ne, kuma ba kai kaɗai kake shaƙa ba, har yaran da suka zo kallo. Duk inda fenti ya ɗaga a kankare har inda ya kama, a lallashe bakin wurin ya bi jiki. A ɗauraye da ruwan daɗi sosai, domin gishirin da ya rage yana jawo laima ƙarƙashin fenti. Ruwan tafkin Legas ba ya wannan aiki ko da damina.

Tunda jirgi yana tudu, duba lafiyarsa. Katako a ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma, a tsikara da basilla, musamman ƙashin bayan jirgi, wato dogon katakon da ya bi tsakiyar ƙasansa, da wajen da yake gurzar ƙasa. Inda ya yi amon ganga ko basilla ta shige, a canza katakon, fenti ba ya warkar da shi. Faiba a duba ko ta yi bororo. In ka fasa ruwa mai warin tsami ya fito, a rarake, a wanke, a bar shi ya bushe sosai, a cike da ifoksi. Ka sa tabarau kafin ka fasa, yana tsartuwa. Ƙarfe a gurje tsatsa har ya yi haske, a rufe da firama a ranar, kada ya kwana tsirara.

A bar jirgi ya bushe. Faiba kwana ɗaya zuwa biyu. Katako kwana biyu zuwa uku a inuwa. In ya daɗe a rana tsagoginsa za su buɗe, ka koma aikin auduga.

Abin da ka kankare ka tattara a tamfol, ka ƙulle a buhu, kada ya koma ruwa, kada a ƙona. Gwangwanin da ya ƙare a huda gindinsa, don na sha ganin an mai da shi gugan ɗiban ruwa.

Mataki na 7: Layi da shimfiɗa

Datti ya riga ya zana maka inda ruwa yake tsayawa. Ja salatif kamar yatsa huɗu sama da wannan layi, don jirgi da lodi yana ƙara nutsewa.

Rufe abubuwan da ba a shafawa. Na farko dunƙulen tutiya da ake ɗaurawa a jikin jirgi da ƙafar inji; aikinsa ruwa ya ci shi a madadin ƙarfen jirgi, in ka rufe shi da fenti ka kashe shi. In ya cinye rabi a canza: na tutiya ga ruwan gishiri, na alminiyam ga ruwa mai surki irin na Legas, na maganiziyam ga ruwan daɗi kaɗai. Na biyu idon na'urar auna zurfi. Na uku, in fentinka na tagulla ne, bar tazarar yatsa biyu kewaye da duk wani abin alminiyam.

Sabuwar faiba a fara wanke kakin da tinar cire maiƙo, tsumma ɗaya na shafawa ɗaya na gogewa, ana canza su akai-akai, sa'an nan a sa samfefa. In ka fara da samfefa ka tura kakin cikin karce, kuma fentin zai zubo a makon farko. Katako tsirara a sirka shafin firama na farko da tina kamar kashi ɗaya cikin goma don ya shiga jiki, sauran shafin a bar su yadda suke.

In firamarka ifoksi ce, akwai lokacin da ba a so ya wuce. Danna babban yatsa a shafin ƙarshe. In ya bar sawu amma bai biyo yatsa ba, yanzu ne za a ɗora antifaulin. In ka bari ya ƙame ƙam, sai ka sake goge shi ka ƙara shafi.

Mataki na 8: Shafawa

Zaɓi rana. Ba da asuba ba, raɓa tana jiki. Ba da tsakar rana a jikin da ya yi zafi ba, fentin zai bushe a kan rola. Ba in hadari ya haɗu ba. Da hantsi, a gefen inuwa. In hunturu ne da ƙura, goge jikin da tsumma kafin kowane shafi.

Juya fentin har sandarka ta daina jin laka a gindi. Wannan laka ita ce tagullar da ka biya kuɗinta. Minti goma ba su yi yawa ba, kuma duk sanda za ka ƙara a faranti ka sake juyawa. Zuba kaɗan-kaɗan, ka rufe gwangwani.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsinka fenti da tina ko fetur don ya isa. Kaurin shafi shi ne tsawon ransa. In zafi ya sa rola tana ja, ƙara tinar kamfanin 'yar kaɗan, iya abin da takarda ta yarda. In lissafi ya ce lita 4 ka gama da 2, ba gwaninta ka yi ba, koma ka ƙara shafi.

Shafi biyu ko'ina, da tazarar da takarda ta faɗa a tsakani. Na uku a layin ruwa inda rana ke haifar da gansakuka, da goshin jirgi, da ƙashin baya, da bayan jirgi wajen inji. Cire salatif tun fenti bai gama ƙamewa ba. Kada ka manta inda jirgin ya zauna kan gungume: in sauran ya bushe a ɗaga, a matsar, a yi wa wuraren firama da shafinsu cikakke. A jirgin katako ta nan tsutsa take shiga, shekara bayan shekara, wuri ɗaya.

Mataki na 9: Mayarwa ruwa da kulawa

Takarda tana da lokaci biyu: mafi ƙarancin jira kafin a sa a ruwa, sau da yawa daga rabin yini zuwa kwana ɗaya, da mafi yawan zaman da fentin zai iya yi a tudu. Kiyaye duka biyu. Wajen turawa a sa gungumen mirginawa, kada a ja shi a kan yashi a bar rabin kuɗin a gaɓa.

Launi zai canza bayan 'yan makonni, wajen layin ruwa ya yi kore-kore. Halin tagulla ne, ba lalacewa ba. Santsi zai zo, babu fentin da ke hana shi gaba ɗaya. Mai zaizayewa a shafe shi da tsumma mai laushi kawai. In ka ga gajimaren launi a ruwa, fentinka kake wankewa. Mai tauri yana ɗaukar soso. Jirgi kuma ya riƙa fita, don mai zaizayewa sai da tafiya yake sabunta fuskarsa.

In fentin ya fi ƙarfin aljihu

Ja jirgi tudu duk lokacin da ba ya aiki, ko kwana biyu a mako, ya fi rabin magani. In ba ya jawuwa, a shiga ruwa da makankarar katako ko ta roba duk kwana goma, tun ƙumbar tana kamar ƙwayar gero. Mai jirgin katako da yake da hanyar hawa kogi, ya kai shi ruwan daɗi zalla ya yi makonni. Tsutsar da ƙumbar teku ba sa rayuwa a can, amma kwana biyu ko uku ba sa isa, don tsutsar tana toshe ƙofarta ta jira. Kwalta tana taimakawa wajen tare tsutsa muddin ba ta tsage ba, sai dai ba ta hana ƙumba. Wata dabara mai kyau ita ce a buga wani katako na sadaukarwa a ƙarƙashin ƙashin bayan jirgi, da shafin kwalta mai kauri a tsakaninsu. Shi zai sha gurza da tsutsa, in ya ruɓe a ɓalle a sa wani.

Baƙin mai na inji da wasu ke shafawa, kwana kaɗan ruwa yake wanke shi, ya bar maka jikin da babu fentin da zai ƙara kamawa. Masu zuba garin barkono a fentin gida kuwa, na gwada a gefe ɗaya na wani kwale-kwale don in kashe gardama. Bayan wata biyu gefen barkono da ɗaya gefen ba ka bambanta su. Maganin ƙwari na gona kada ma a fara, kifin da za ka ci gobe a wannan ruwan yake.

In lita 2 kawai kuɗinka ya kai, kada ka baza ta ko'ina sirara. Jirgin faiba a ba layin ruwa da bayan jirgi shafi biyu cikakku, sauran a riƙa kankarewa da hannu. Jirgin katako kuwa a fara da ƙashin baya da katakan ƙasa.

Kafin ka bar bakin ruwa, rubuta sunan fentin, da launinsa, da yawan shafi, da kwanan wata a littafinka. Ni har a cikin jirgin nake rubutawa da fentin mai, ƙarƙashin bencin baya inda ruwa ba ya kaiwa, saboda littafi yana ɓata, jirgi kuma yana canza hannu.